KWANA ASHIRIN A BISA TEKU: DARASI A KAN TSIRA

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:13-44, 12:1-11, Luka 13:1-5

'Yan'uwa, mu mutanen Runka da Safana da Batsari mutanen tudu ne. Ruwa mafi girma da yawancinmu suka taɓa gani shi ne na madatsar Zobe wajen Dutsin-Ma, ko kuwa rafi sa'ad da ya kawo da damina. Duk da haka darasinmu na wannan wata a kan teku ya ke. Za mu duba labarin waɗansu mutane da jirginsu ya nutse a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu su ke kira Yaƙin Hitila, mu ga yadda suka rayu kwana da kwanaki ba inuwa, ba ishasshen ruwa, ba wanda ya san inda su ke. Wanda ya taɓa kwana a daji yana gudun 'yan bindiga, ko ya zauna yana jiran ɗan'uwansa da aka kama, ba zai ji labarin nan kamar na baƙi ba.

YADDA YAƘI YA ZO BAKIN TEKUNMU

A zamanin nan hanyar yawancin masu zuwa Turai daga ƙasarmu ita ce jirgin ƙasa zuwa Ikko, wajen mil 700 daga Kano, sa'an nan jirgin ruwa. Ta nan ma'aikatan Gwamnati da 'yan kasuwa da masu aikin mishan su ke zuwa su koma. Ta nan kuma gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Katsina su ke fita, bayan an kai su tashar Kano ko ta Funtuwa. Da Japan ta ci ƙasar Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo wajen Jos, har aka riƙa ɗibar mutane tilas daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza. Sojojinmu kuma ta teku aka kai su Indiya a 1943 da 1944 domin yaƙin Bama.

Jamus ta san da wannan duka. Ta san idan ta yanke hanyar teku, Ingila za ta rasa abinci da kayan yaƙi. Makamin da ta dogara gare shi kuwa shi ne jirgin ƙarƙashin ruwa.

Ga yadda jirgin nan ya ke. Dogo ne siriri, an rufe shi ruf da ƙarfe. Yana da tankuna a jikinsa. In an cika su da ruwa sai ya yi nauyi ya nutse. In an kore ruwan da iska sai ya taso. A bisa ruwa da injin mai ya ke tafiya, a ƙarƙashi kuwa da batir. Yana da wani bututu mai madubi wanda a ke ɗagawa kaɗan a leƙa waje. In shugabansa ya hangi jirgi, sai ya saki wani dogon bam mai injin kansa, ana ce da shi tofido, ya bi cikin ruwa ya fasa cikin jirgin daga ƙasa. Sau da yawa mutanen jirgi ba su san kome ba sai sun ji ƙara.

Jiragen fasinja na hanyar Ikko sun sha wannan masifa. Tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ran 28 ga Maris 1915, aka nutsar da Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster, jim kaɗan bayan ya bar Libaful zai nufo Afirka ta Yamma. Mutum 104 suka mutu. A yaƙi na biyu, ran 29 ga Oktoba 1942, aka nutsar da Abosso, babban jirgin kamfanin nan, wanda kafin yaƙi ya ke kai da kawowa tsakanin Libaful da Ikko. Mutum 393 ke cikinsa. Kwale-kwale ɗaya kaɗai aka samu, da mutum 31. Sauran 362 suka halaka.

RAN 30 GA AGUSTA 1942

Jirgin da za mu tsaya a kansa na Amurka ne, sunansa West Lashaway. Na kaya ne, amma saboda ƙarancin jirage a lokacin yaƙi ya kan ɗauki fasinja. Ya tashi daga Takoradi a ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu a ke kira Gana, cikin watan Agusta 1942, da koko da manja da kuza da tagulla. Mutum 56 ke ciki: ma'aikatan jirgi 38, sojojin tsaro 9, fasinja 9. A cikin fasinjan akwai wata gwauruwa mai aikin bishara a ƙasar Kwaddibuwa, Uwargida Ethel Bell, wadda mijinta ya rasu tun kafin yaƙi, tare da 'yarta mai shekara 13 da ɗanta mai shekara 11. Akwai kuma wani mai aikin mishan da matarsa da 'ya'yansu uku.

Sun kusa gama ƙetare Tekun Atalantika, saura mil ɗari uku da 'yan kai su kai tsibirin Tirinidad. Ran Lahadi 30 ga Agusta, da rana tsaka, jirgin Jamus mai lamba U-66 ya sakar musu tofido biyu. Jirgin ya nutse cikin minti ɗaya ko biyu. Ba a sami damar sauke kwale-kwalen ceto ba. Mutane suka sami kansu cikin ruwa, manja da baƙin mai sun shafe musu jiki da ido.

Abin da ya rage yana yawo bisa ruwa shi ne waɗansu dandamalai huɗu na katako, waɗanda aka ɗaura bisa gangunan ƙarfe don kada su nutse. A cikin darasin nan za mu kira su gadaje, gama da gado suka yi kama. Kowanne tsawonsa wajen ƙafa 10, faɗinsa wajen ƙafa 8, wato bai kai ɗakin kwana na gidajenmu ba. Mutum 42 suka hau gadajen nan huɗu. Sauran 14 sun tafi tare da jirgi.

ZAMAN GADO

Da fari aka ɗaure gadajen huɗu da igiya. Amma raƙuman ruwa suna ta gwara su da juna, har aka ji tsoro za su farfashe. Bayan 'yan kwanaki sai aka raba su, kowanne ya bi inda igiyar ruwa ta kai shi. Gadon da mu ke bi yana da mutum 19: shugaban jirgi, wanda ya ji rauni ƙwarai, da ma'aikata, da Uwargida Bell da 'ya'yanta biyu, da yara biyu na iyalin nan na mishan, namiji mai shekara 13 da mace mai shekara 7, waɗanda aka raba su da iyayensu.

Ku auna da hankalinku. Mutum 19 a wuri da bai kai ɗaki ba. Ba mai iya miƙe ƙafa, ba mai iya kwanciya sai ya jingina da wani. Da rana zafi ya kan ƙone fata, da dare sanyi da jiƙewa. Ruwan gishiri yana shiga tsakanin katako kullum, har ƙafafunsu suka kumbura suka yi miki. Manyan kifaye masu cin mutum suna ta kewaya su. Ba makewayi, ga maza, ga mace, ga yara.

Babbar wahala ita ce ƙishirwa. Ruwa ya kewaye su ko'ina, amma ba shi shawuwa. Gishirin teku ya fi ƙarfin ƙodar mutum, don haka wanda ya sha, jikinsa ya kan fitar da ruwa fiye da wanda ya shiga, ƙishi ya ƙaru, hankali ya gushe. Mutum ya kan iya yin makonni ba abinci, amma ba ruwa 'yan kwanaki ne kawai. A cikin gadon akwai ɗan ruwan sha da aka tanada, da ɗan guzuri: busasshen nama na gwangwani, da cakulan, da ƙwayoyin madara. Ba wanda ya san ko kwana nawa za a yi. Saboda haka aka sa doka: a auna wa kowa ɗan kaɗan, a lokacin da aka ƙayyade, a gaban idon kowa. In an yi ruwan sama sai su tara a tamfol su ƙara a kan abin da ke akwai.

Shugaban jirgi ya mutu saboda raunukansa. Wani sojan tsaro kuma hankalinsa ya juya, shi ma ya mutu. Aka sa su cikin teku. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgi ya karɓi ragamar rabon abinci. Uwargida Bell ba ta da Littafi Mai Tsarki a hannu, ya nutse tare da jirgi. Amma abin da ta haddace bai nutse ba. Ta riƙa karanta Zabura da ka, tana addu'a, tana raira waƙoƙi tare da yaran nan huɗu, biyu nata, biyu marayun da ta riƙe kamar nata.

Can wajen ƙarshe wani jirgin sama ya gan su, ya jefo musu abinci, ya tafi. Suka ce yau kam ceto ya zo. Amma aka ƙara kwanaki ba kowa. Masu irin wannan zama sun san jira bayan an sa rai ya fi jiran fari ciwo.

RANAR CETO

Ran 18 ga Satumba, rana ta 20, wani jirgin yaƙi na Ingila mai suna Vimy ya hango su. Mako biyu kafin nan jirgin nan yana cikin waɗanda suka nutsar da wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus a wannan yanki, don haka mutanensa a shirye su ke. Da suka hangi ɗan tamfol ɗin da aka kafa bisa gado, sai suka zaci kan jirgin abokan gaba ne, suka buɗe wuta. Harsasai suka yi ta faɗuwa kewaye da gadon, amma ko ɗaya bai same shi ba. Da suka matso suka ga mutane ne, har da mace da yara, sai suka tsaya suka ɗauke su. Mutum 17 aka ɗauka da rai, aka kai su tsibirin Barbados.

Bayan kwanaki wani gado ya kai gaɓar tsibirin San Binsan da mutum ɗaya rak mai rai. Sauran gadaje biyu ba a ƙara jin labarinsu ba har yau. Cikin mutum 56, 18 suka tsira, 38 suka mutu. Uban yaran nan biyu da uwarsu da 'yar'uwarsu suna cikin waɗanda ba su komo ba.

ABIN DA ZA MU KOYA

Manzo Bulus ma ɗan teku ne. A 2 Korantiyawa 11:25 ya faɗa mana jirgi ya fashe da shi sau uku, har ya taɓa yin dare da yini yana yawo bisa ruwa. A Ayyukan Manzanni 27 kuwa Luka ya ba mu labarin fashewar jirgin da ke kai shi Roma, mai mutum 276, wanda hadiri ya yi ta kora har dare 14. In mun aza labaran nan biyu gefe da gefe za mu ga abu huɗu.

Na ɗaya, rabon gaskiya. Da a ce ƙarfafan mazan da ke gadon sun ƙwace ruwan sun shanye cikin kwana uku, da yaran sun fara mutuwa, sa'an nan su ma su bi. Awo ne ya kai su rana ta 20. Allah ya kiyaye su, hakika, amma ta hannun mai riƙe da ɗan kofin awo ya kiyaye su. Haka Bulus, ko da ya ke Allah ya riga ya sanar da shi ba wanda zai mutu, bai ce a naɗe hannu ba. Ya roƙi mutane su ci abinci, ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gabansu, ya fara ci. Bangaskiya ba ta hana lissafi. Gidan da ya karɓi 'yan gudun hijira goma a kan buhun gero biyu yana bukatar addu'a, yana kuma bukatar mudu. Dattawan ekklesiya da a ke ba su taimako su raba, sai su raba a fili, su rubuta, su fara da gwauraye da marayu, kada ɗan'uwan shugaba ya sami kashi biyu.

Na biyu, zama tare. A jirgin Bulus matuƙa sun so su sauke ƙaramin kwale-kwale su gudu a ɓoye su bar sauran. Bulus ya faɗa wa jarumin soja in waɗannan suka tafi ba mai tsira, sai sojoji suka yanke igiyar kwale-kwalen. A gadon nan kuma akwai masu bi da waɗanda ba ruwansu da addini, akwai mai haƙuri da mai faɗa, amma katako ɗaya ke ɗauke da su duka. Haka mu ke a ƙasarmu. Sa'ad da aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari cikin Fabrairu 2020, aka kashe mutum 30, ko sa'ad da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara ran 11 ga Disamba na shekarar nan, baƙin cikin na dukan ƙasa ne. Maƙwabcinmu Musulmi da mu gado ɗaya mu ke bisa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai bin da ya sami labarin hatsari ya kwashe iyalinsa da dare bai ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa ba, ya yi aikin matuƙan nan.

Na uku, ajiyar zuciya. Minti biyu ba su isa mutum ya ɗauki jaka ba. Wanda aka tashe shi da tsakar dare da harbin bindiga ya san haka. Abin da ke cikin zuciya shi kaɗai ke tafiya tare da mutum. Don haka kada mu raina haddar ayoyi a makarantar Lahadi da ajin baftisma da taron zumuntar mata. Iyaye su koya wa yara Zabura 23 da 46 da 121, da Addu'ar Ubangiji, tun ana zaman lafiya. Ba a fara gina rumbu ran da yunwa ta shigo. Ku lura kuma, a jirgin Bulus ɗaurarre ne ya ƙarfafa mutum 275; a gadon nan gwauruwa ce. Mai riƙe wa jama'a bege ba lalle ne ya zama babba ba.

Na huɗu, gafara. Jirgin nan U-66 shi ma an nutsar da shi ran 6 ga Mayu 1944, kusa da tsibiran Kef Bad, aka tsamo waɗansu mutanensa daga ruwa da rai. Waɗanda suka jefa mutane cikin teku su ma sun ɗanɗana shi. Yaron nan mai shekara 11, Robert Bell, da ya manyanta ya nemi mutanen jirgin da suka rage, ya tafi Jamus ya sadu da su cikin salama, ya kuma rubuta labarin. Wannan bai mai da abin da suka yi ya zama daidai ba, bai kuma komo da matattu ba. Shari'a tana da wurinta, hukuma kuma wajibinta ne ta hukunta mai laifi. Amma wanda ya tsira daga teku ya riƙe ƙiyayya shekara 40, har yanzu bai sauka daga gadon ba.

WAƊANDA BA SU KOMO BA

Akwai tambaya mai wuya, ba kuwa za mu kauce mata ba. Gadaje huɗu ne. Masu addu'a ba a gado ɗaya kaɗai su ke ba. Mai aikin mishan ɗin nan da matarsa bayin Allah ne kamar Uwargida Bell, sun bar ƙasarsu saboda bishara kamar yadda ta bari. Don me ita ta tsira su suka mutu?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba. A Ayyukan Manzanni 12, sarki Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a sura ɗaya kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Dukansu manzanni ne. A Luka 13 aka kawo wa Yesu labarin waɗanda Bilatus ya kashe, shi kuma ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, ya nuna sarai ba don sun fi sauran mutane zunubi ba ne. Bulus kansa da ya tsira daga teku, a Roma aka kashe shi daga baya.

Saboda haka mu yi hankali da bakinmu. In ɗan'uwa ya komo daga dajin Rugu, mu yi murna, mu yi godiya. Amma sa'ad da ya tashi ba da shaida a sujada, shi da mai jagora su tuna a bencin baya akwai matar da mijinta bai komo ba. Kada a ce, ko a nuna, wai addu'ar wannan gida ta fi ta wancan ƙarfi. Tsira alheri ne, ba lada ba ne. Wanda ya tsira kuwa bashi ya hau kansa: marayun waɗanda ba su tsira ba. Uwargida Bell ba ta iya amsa wa yaran nan biyu dalilin mutuwar iyayensu ba, amma ta rungume su kwana 20. Abin da Yakubu 1:27 ke nema gare mu ke nan.

Mu tuna kuma wanda ya komo bai gama warkewa ran da ya shigo gida ba. Mutanen gadon nan sai da aka ɗauke su, gama ƙafafunsu ba su iya taka ƙasa. Wanda ya daɗe da yunwa a fara ba shi kunu da ruwa kaɗan kaɗan, kada a cika masa ciki da tuwo farat ɗaya, a kuma kai shi asibiti a duba shi. In yana firgita da dare, ko ba ya son magana, kada a ce bangaskiyarsa ta raunana. A zauna tare da shi. Mace kuwa da ta komo, kada a tsare ta da tambayoyi, kada a bar masu tsegumi su ƙara mata wani ɗaurin a cikin gari.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Bulus ya san ba wanda zai mutu. Don me ya hana matuƙa gudu, ya kuma sa mutane su ci abinci?
2. Yaya a ke rabon taimako a ekklesiyarku? Kowa yana ganin awon?
3. In an raba ku da Littafinku yau, ayoyi nawa za su tafi tare da ku? 'Ya'yanku fa?
4. Ku lasafta gidajen da ke garinku waɗanda wani nasu bai komo ba, na masu bi da na Musulmi. Wa zai ziyarce su a wannan mako, da me kuma a hannunsa?

ADDU'A

Ya Ubangiji, Mai iko bisa teku da tudu, ka tuna da waɗanda ke tsare a daji, da waɗanda suka bar gonakinsu, da masu jira a gida. Ka ba mu gaskiya wajen rabo, da haƙuri da juna, da Maganarka a zuciya. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu ta hannunmu. Ka juyo da zukatan masu mugunta, ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.